Ɗakin Naka Ne, Amma Wa Ke Kwana a Ciki?

  

Maganar wannan makon ta shafi tukunyar kowa. Duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa, ko dai yana da inda yake neman abinci, ko yana cin abin da wani ya nemo: rumfar gwari, kara, shagon tireda, gareji, teburin canji, ko murhun uwargida mai tuwon sayarwa. Kuma babu wurin sana'ar da ba shi da wata ɓaraka da kowa ya sani, kowa ke ƙorafi a kanta, amma shekara ta fita shekara ta shigo tana nan daram. To idan aka wayi gari an gyara, ta yaya aka gyara? Wa ya gyara? In kuma ba a gyara ba, alhakin yana wuyan wa?

Mu dai da an ce gyara, abin da ke fara zuwa mana a rai shi ne taro. A kira mitin, a jera kujerun roba, a buɗe da addu'a, shugaba ya yi jawabi, a kafa kwamiti mai mutum bakwai. Sakatare ya rubuta doka a manna a bango: daga yau duk wanda ya zuba shara a kwata zai biya tara. Satin farko kowa ya shiga taitayinsa. Sati na biyu a kama yaron wani babban Alhaji, a ce a yi haƙuri. Sati na uku ruwan sama ya wanke takardar. Shi ke nan, an koma gidan jiya. Ba ina cewa taro ba shi da amfani ba ne, zan zo kan amfaninsa. Amma in muka duba abubuwan da suka canza da gaske a sana'o'inmu, za mu tarar kaɗan ne suka faro daga takardar bango.

Mu ɗauki abin da 'yan gwari suka fi ni sani. Tumatir yana tasowa daga Kadawa, Kura da Kwanar Gafan a jihar Kano, ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 kafin ya iso Mile 12 a Legas. Tun zamanin iyayenmu a kwando ake zuba shi, a jera kwando kan kwando a bayan mota. Kowa ya san abin da ke faruwa a hanya. Tsinken kwandon yana huda na gefe, nauyin na sama yana matse na ƙasa, ga zafi, ga ramuka, ga tsaye-tsaye a shingaye. Kafin a sauke, wani kaso ya zama ruwa, wani ya zama wanda Yarabawa ke kira "esha", a sayar da shi a wulaƙance. Maganin ma kowa ya san shi: kiret na roba, mai ɗaukar wajen kilo 25, mai ramukan shan iska, wanda in an jera shi nauyin yana sauka a kan bakin kiret ɗin, tumatirin da ke ciki ba abin da ke taɓa shi. Shekaru da dama jami'an gwamnati da ƙungiyoyin raya kasuwanci suna wayar da kai a kan wannan. An yi taruka, an raba takardu, an ɗauki hotuna. Duk da haka har gobe kwando bai bar kasuwa ba.

Me ya sa? Wasu 'yan boko za su ce jahilci ne. Wallahi ba jahilci ba ne. Mutumin da ke lissafin mota guda ta tumatir a ka, ba biro ba takarda, ba ka ce masa jahili a harkar tumatir ba. Dalilan suna nan a fili ga duk wanda ya tsaya ya tambaya. Kwando arha ne, kuma in an sauke kaya an rabu da shi. Kiret kuɗi ne masu yawa a tashin farko, sannan dole ya koma Arewa ba komai a ciki, wa zai biya kuɗin motar komawa? In ya ɓata a hanya ko mai saye ya tafi da shi, asarar wa? Bayan haka, kasuwar gaba ɗaya a kan kwando ta ginu: da kwando ake yanka farashi, da kwando dillali ke lissafin la'adarsa, da kwando ake biyan ɗan dako da direba. Taɓa kwando taɓa aljihun mutum biyar ne a lokaci guda.

Inda kiret ya samu shiga kuwa, duba yadda ya shiga. Wani ya gwada da kaɗan a gefen lodinsa. Aka sauke a gaban jama'a, nasa ya iso da kyansa, masu saye daga otal-otal da manyan kantuna suka yi masa farashi mai kyau. Maƙwabcinsa na rumfa ya gani da idonsa, ya tambaye shi nawa ya kashe, nawa ya samu. Daga baya aka samu masu bayar da hayar kiret, suna karɓar abinsu su mayar, wato an cire wa ɗan kasuwa babbar ƙayar da ke hana shi. Gani ya kori ji. Abin da jawabi ya kasa yi, kiret goma da aka sauke a gaban mutane sun yi shi.

Darasin farko ke nan: mutum ba ya barin tsohuwar hanya don an gaya masa sabuwa ta fi. Yana barinta ne in ya ga wani irinsa, mai jari irin nasa, ya bi sabuwar ya tsira da uwar kuɗinsa, kuma an amsa masa tambayar nan da ke ransa wadda ba ya faɗa a taro: in abin ya ƙi, wa zai ɗauki asarar?

Akwai wata hanyar da canji ke zuwa, ita ce ta dole. Babu wanda ya manta farkon shekarar 2023. Tun a 2012 Babban Bankin Najeriya ya fara shirin rage mu'amala da tsabar kuɗi, kuma a Legas aka fara. Shekara goma ana talla a rediyo, da yawa daga cikin manyanmu suna cewa su kam sai sun ƙirga da hannunsu. Sai ga canjin takardun naira 200, 500 da 1,000 da aka sanar a watan Oktoba na 2022. Zuwa watan Fabrairu kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a. Kayan gwari ba ya jiran layin banki. Cikin 'yan makonni dattijon da ya rantse ba zai karɓi taransifa ba ya koma tambayar mai saye, "Alat ya shigo?"

Wani zai ce to ai ka gani, wuya ce ke kawo gyara. Amma ku tuna da kyau, a hannun wa wayar take a waɗannan kwanakin? A hannun yaron shago. Shi ya san yadda ake buɗe asusu a waya, shi ya san bambancin alat na gaskiya da na bogi, shi ya san cewa ba a sakin kaya sai an duba kuɗin sun zauna a asusu. Wannan ilimin ya daɗe a cikin shagon, yana sharar ƙasa yana ɗauko kaya daga sito, ba wanda ya tambaye shi. Shagunan da maigida ya saba sauraron yaransa sun riga sun gwada na'urar POS tun kafin wuyar ta zo, su abin ya zo musu da sauƙi. Waɗanda suka jira sai da ruwa ya kai musu wuya, sun koya, amma sun biya kuɗin makaranta da kayan da suka ruɓe da kuɗin da 'yan damfara suka cinye. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne. Sai dai a wurin sana'a sau da yawa mai ɗakin ba shi ke kwana a ciki ba. Alhaji yana zuwa da hantsi, ya duba lissafi, ya tafi sallar Azahar. Wanda ke buɗe shago da asuba, wanda buhu ke sauka a kafaɗarsa, wanda kwastoma ke zazzaga wa masifa, shi ruwan ke ɗiga wa a ka. Ya san wane dillali ke haɗa mai kyau a sama da marar kyau a ƙasa. Ya san sikelin ya fara karkata. Ya san dalilin da ya sa matar nan mai sayen buhu biyar duk sati ta koma rumfar gaba. To me ya sa ba ya faɗa?

Mu gaya wa kanmu gaskiya. Ba ya faɗa ne saboda ya ga abin da ya samu wanda ya faɗa kafin shi. An ce masa, "Kai yaushe ka zo garin?" An ce ya cika iyayi. In ya ce kaya na ɓata a sito, shi za a fara tuhuma. In ya kawo dabara ta yi kyau, ba wanda zai tuna daga bakinsa ta fito. In ta ƙi, a cire asarar daga kuɗin sallamarsa. Yaro mai hankali sai ya yi lissafi: magana faɗuwa ce, shiru riba. Ya ja bakinsa ya tsuke, ya jira ranar da zai buɗe nasa. Ranar da ya tafi, ya tafi da duk abin da ya sani, maigida kuma ya zauna yana cewa yaran yanzu ba su da amana.

Wannan ciwo ba namu kaɗai ba ne, har manyan masana'antun duniya sun yi fama da shi. Kowa a cikinmu ya san motar Toyota da ƙarkonta. A masana'antarsu akwai igiya da ke bin layin da ake haɗa mota, kuma mafi ƙanƙantar ma'aikaci yana da ikon ja in ya ga kuskure. Da ya ja, fitila ta kunna, shugaban sashensa ya rugo ya taya shi. In ba a warware ba kafin motar ta wuce wurinsa, layin gaba ɗaya ya tsaya. A Amurka, kamfanin General Motors yana da wata masana'anta a garin Firimont ta jihar Kalifoniya wadda ta yi ƙaurin suna wajen yajin aiki, fashin zuwa aiki da motoci masu matsala, har aka rufe ta a 1982. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, kuma aka dawo da akasarin tsofaffin ma'aikatan nan da ake cewa ba su da kirki. Gini ɗaya, mutane ɗaya. Cikin ɗan lokaci motocin da ke fitowa daga wurin suka shiga sahun mafi inganci a duk kamfanin. Abin da ya canza shi ne an ba ma'aikaci igiya, an koya masa aikin, an kuma yi masa alkawarin ba za a sallame shi haka kawai ba sai in kamfanin ne kansa ke neman durƙushewa.

Ga inda labarin ya fi ba ni mamaki. Da shugabannin General Motors suka ga haka, sai suka so kwafar tsarin zuwa sauran masana'antunsu, amma suka sha wuya shekara da shekaru. Rataya igiya abu ne mai sauƙi. Amma in manaja yana hararar duk wanda ya ja ta, igiyar ta zama ado. Haka namu yake. Kana iya ce wa yaranka, "Duk mai magana ya faɗa," amma fuskar da ka yi wa na farko da ya faɗa ita ce dokar gaskiya a shagon.

Mu kuwa ba mu da uzuri, don muna da misalin da ya fi na kowa. Malaman sira sun kawo cewa a yaƙin Badar, shekara ta 2 bayan hijira, Hubab ɗan Munzir, Allah Ya yarda da shi, ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko wurin da aka sauka umarni ne daga Allah ko kuwa dabarar yaƙi ce. Da aka ce masa dabara ce, ya ba da shawarar a matsa zuwa rijiyar da ta fi kusa da abokan gaba, aka kuma matsa. A shekara ta 5, Salmanul Farisi, baƙo daga Farisa wanda ya taɓa zama bawa, shi ya kawo shawarar haƙa gwalalo, abin da Larabawa ba su saba da shi ba, aka haƙa. Ku lura da ɓangarorin biyu. Mai shawara ya fara da ladabi, ya tambaya kafin ya faɗa. Shugaba kuma bai tambayi asalinsa ko shekarunsa ba. In Fiyayyen Halitta ya karɓi shawara a kan wurin sauka, Alhaji wane ne da ba za a gaya masa inda ya kamata a ajiye buhun albasa ba?

Na san dattawa za su ce, "Malam sakatare, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Na yarda, kuma ina so matasa su ji wannan da kyau. Ba kowane sabon abu ne gyara ba. Tsohuwar hanya da kake gani kamar wauta, wataƙila wata asara ce ta haife ta tun kafin a haife ka. Maigidan da ya hana bai wa wani layin kwastomomi bashi, mai yiwuwa ya taɓa ƙonewa a can. Mun kuma ga matasan da suka kwashe jarin iyaye suka zuba a harkokin intanet masu alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, suka wayi gari ba tsuntsu ba tarko. Babba yana hango nesa, haka ne. Amma wanda ke hango nesa ba lallai ya ga ƙayar da ke ƙarƙashin tabarma ba, wanda ke zaune a kanta shi ke jin ta. Sana'a tana buƙatar ido biyun. Abin da ke sasanta su kuwa shi ne gwaji ƙarami: maimakon gardama, a gwada da kiret goma, da kwastoma biyar, da sati biyu, a rubuta abin da aka kashe da abin da aka samu. Lissafi ba ya jin kunyar kowa.

To alhakin fa? A ganina ya rabu uku.

Kai maigida, naka ya fi nauyi, don a hannunka wuƙa da nama suke. Ka tambaya da bakinka, kada ka jira a kawo maka. In an faɗa, ka haɗiye fushinka ko da maganar ta taɓa ka. In ka amince a gwada, asarar gwajin taka ce, tunda ribar ma aljihunka za ta shiga. In kuma dabarar yaro ta ƙara maka riba, yana da haƙƙi a ciki: ka faɗi sunansa a gaban mutane, ka ƙara masa wani abu, ka tuna da shi ranar sallama. Cin gumin tunanin mutum ba shi da bambanci da cin gumin jikinsa.

Kai yaro, shirunka ma ba kyauta ba ne. Amanar da aka ba ka ba ta tsaya ga kada ka ɗauki kuɗi a aljihun tebur ba. In kana ganin dukiyar mutum tana zuba ka ce ba ruwanka, ka tauye amanar. Amma ka iya faɗa. Kada ka gyara wa maigidanka a gaban kwastoma ko a gaban abokansa. Ka same shi shi kaɗai, ka zo da lissafi, ka nemi a gwada kaɗan. Ka fara gyara abin da ke hannunka wanda ba ya buƙatar izinin kowa: jera kaya yadda tsoho zai fita kafin sabo, rubuta bashi da kwanan wata. Wanda aka ga ya gyara ƙaramin abu shi ake saurara a babba.

Ku shugabannin kasuwa da ƙungiyoyi, nan amfanin taro yake. Akwai abubuwan da mutum ɗaya ba zai iya ba ko ya so: daidaita ma'auni, shirya yadda kiret zai koma Arewa, gyaran kwata, tsaro da dare. Aikin kwamiti shi ne ya duba abin da ya riga ya yi aiki a rumfa biyu ko uku, ya cire ƙayar da ke hana sauran bi, sannan ya mai da shi doka, kuma dokar ta hau kan ɗan Alhaji kamar yadda ta hau kan ɗan dako. Kuma ku tuna da waɗanda gyara zai taɓa. Duk canji yana da wanda zai rage wa abinci: mai saƙa kwando, ɗan dakon da ake biya da kwando, mai ƙirga kuɗi. In ba a zauna da su an sama musu matsayi a sabon tsarin ba, za su yaƙe shi a ɓoye, kuma ba za ka zarge su ba, don suna da iyali kamar kowa.

Iyayenmu mata, wannan magana har da ku. Yarinyar da ke kai abinci kasuwa ita ta san wane kwano ke dawowa da saura, ita ke jin abin da masu ci ke faɗa a bayan idonku. Ku tambaye ta, kada ku tsawata mata in ta ce miyar jiya ta yi gishiri.

Ga abin da nake roƙo kafin Juma'a mai zuwa. Kowane maigida ya zaɓi rana ɗaya, bayan La'asar in kasuwa ta lafa, ya kira yaransa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kowa: "Wane abu ɗaya ne ke ɓata maka lokaci ko ke cinye mana kuɗi a wurin nan?" Sannan ya yi shiru ya saurara. Ranar farko wataƙila su ce babu komai, don ba su saba ba. Ka sake tambaya wani satin. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin na ƙasa da mu, Ya ba shugabanninmu kunnen sauraro, Ya ba yaranmu gaskiya da ladabin faɗarta. Allah Ya kai matafiyanmu gida lafiya, Ya jiƙan magabatanmu. Amin.

Wassalamu alaikum.

Sakataren Masallaci